Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, da sauran 'yan'uwa fataken dabbobi da hatsi mazauna Abuja.

Kusan duk aikinmu na bana a kan maganar Nijar ya ƙare. Mun shigo shekara iyaka na rufe, sakamakon takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba bayan sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, aka tsayar da motoci a Jibiya da Illela da Maigatari. An ce Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ake son matsa wa, amma mu da muke kasuwar Dei-Dei mun ga wanda ya sha wuyar: mai raguna da ya ci bashi, da direban da albasarsa ta ruɓe a bakin iyaka. Don haka kuɗin asusun taimako, wanda muka tanada domin rashin lafiya da rasuwa, mafi yawansa ga irin waɗannan mambobi ya tafi. Ma'aji zai karanto lissafin.

Kwamitin zartarwa ya rubuta takarda ya kai ofishin da abin ya shafa. Abin da muka faɗa ciki shi ne, jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma Katsina da Maraɗi dangi ne tun kafin Bature ya ja layi. Ƙasar da talauci da 'yan bindiga suka riga suka galabaitar, in aka ƙara mata yunwa, ta kanmu matsalar za ta biyo. Mun roƙi a bi hanyar da Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi da malamai suka bi, wato zama da magana. Amsa dai har yau shiru.

ECOWAS ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris. Kasuwa ta motsa, sai dai faɗuwar naira a gaban sefa ta cinye ribar.

Abin da ke gabanmu: Nijar da Mali da Burkina Faso za su kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Duk mai zirga-zirga ya sabunta takardunsa tun yanzu, kada a dogara da sanayya a shinge. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga sakatare bayan addu'a.