Kwana uku a Landan: wasiƙa zuwa ga ɗana

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma sanyin Mancesta ya fara sassauta muku. Mahaifiyarka ta ba ni labari cewa da zarar ka miƙa rubutun digirinka za ka ɗauki matarka ku je Landan ku yi kwana uku, ku sha iska. Na ji daɗi. Yarinyar nan ta yi haƙuri da kai shekara guda cur, kai da littattafai, ita da bango huɗu, ta cancanci fiye da haka ma. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jerin da ka turo wa mahaifiyar taka, wanda ta karanta mini jiya da dare tana dariya: wurare goma sha biyar, gidan wasan kwaikwayo, kasuwanni uku, gidajen cin abinci, sannan a ƙasa ka rubuta "masauki mafi araha". Ni ma haka na rubuta nawa lokacin da aka tura ni kwas ƙasar, kuma na san inda ya kai ni.

Cikin abubuwan nan duka, guda ɗaya ne yake da rana da sa'a da kujera mai lamba, shi ne wasan kwaikwayo. Kasuwa tana nan gobe, abinci yana kowane lungu. Saboda haka ka fara da tikitin wasan, sauran tafiyar ka ɗora ta a kansa: ranar zuwa, unguwar kwana, lokacin cin abinci, duk su biyo baya.

Yawancin manyan gidajen wasa suna cunkushe ne a yankin da ake kira West End, tsakanin Piccadilly Circus da Covent Garden da titin Strand, duk tafiyar ƙafa ce. Wasan dare galibi ƙarfe 7:30 yake farawa, na rana kuma wajen 2:30, a ranar Asabar da wata rana guda a tsakiyar mako. Da yawansu ba sa buɗewa ranar Lahadi, kada ka bar wasan sai ranar komawa. A dandalin Leicester Square (Lesta ake faɗi, kada ka je kana karanta shi harafi-harafi yadda na yi, har ɗan sanda ya kasa gane ni) akwai wata 'yar rumfa mai suna TKTS, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan ke gudanarwa tun 1980, ana sayar da tikitin wasan ranar da rangwame. Wurin gaskiya ne. Amma kewaye da dandalin akwai shaguna masu manyan alluna na "rabin kuɗi" waɗanda ba su da alaƙa da ita, sai ka biya ka ga an lafta maka kuɗin hidima da ya cinye rangwamen. Ita ma rumfar, abin da ya rage ake samu. In akwai wasan da matarka ta ƙwallafa rai a kansa, ka saya tun yanzu daga shafin gidan wasan kansa, ka huta.

Maganar kujera kuwa, a nan na sha kunya. Gine-ginen nan da yawansu tun zamanin Sarauniya Victoria aka yi su, da ginshiƙai a tsakiyar zaure da benaye masu hawa-hawa. Na ga tikiti mai sauƙin kuɗi na yi wuf na saya, ban tsaya karanta 'yan kalmomin da ke ƙasa ba, masu cewa ba a ganin dandamali duka daga nan. Aka kai ni can ƙololuwa, gwiwoyina na tokare da kujerar gaba, ga wani ginshiƙi mai ado daidai saitin hancina. Awa biyu da rabi ina leƙe ta dama, in wuya ya gaji in koma hagu, wata tsohuwa a bayana tana ta gyaran murya. Wanda aka kashe a wasan, muryarsa kawai na ji. Doka ta sa su faɗi in kujera tana da irin wannan matsala, kuma suna faɗi, laifin nawa ne. Ka duba taswirar zauren kafin ka biya. Kujerar tsakiya a bene na biyu ta fi ta gefe a ƙasa, ko da kuɗinsu ɗaya.

Wane wasa? Wannan naku ne, amma ka karanta abin da ya ƙunsa tukuna, don akwai waɗanda mutum ba zai so ya zauna kusa da matarsa ana yin su ba. In kuna son labarin bincike mai tsabta, akwai The Mousetrap na Agatha Christie, wanda ake yi tun 1952, yana gidan St Martin's tun 1974, kuma in an gama ɗan wasa yakan fito ya roƙi jama'a kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. Ni dai har yau ban faɗa wa mahaifiyarka ba. A gaɓar kudu ta kogin Thames kuma akwai Globe, wanda aka buɗe a 1997 bisa fasalin gidan wasan Shakespeare na 1599 da ya ƙone a 1613. Tsakiyarsa ba rufi, kuma tikiti mafi araha na masu tsayuwa ne a filin gaban dandamali. Kyan gani gare shi, sai dai tsayuwa ce ta kusan awa uku, ba a yarda a buɗe lema ba ko ruwa ya tsuge, Turancin kuma na shekaru ɗari huɗu da suka wuce ne. Kai kaɗai da abokai, sai in ce je ka. Da iyali, ka nemi wurin zama.

Ku isa da rabin awa a hannu, domin wanda ya makara sai ya jira a waje har a sami sarari a wasan kafin a shigar da shi. Ka kuma lissafa salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare, wato magariba za ta same ku a zaure. A Disamba kuwa kafin huɗu ta faɗi, wasan rana ya haɗiye la'asar. Kun san hukuncin matafiyi, ku shirya tun daga masauki.

Yanzu masaukin, inda ka ja layi biyu a ƙarƙashin "araha". Araha ba ta ado, ɗana. Ni na kama ɗaki a wani ƙaramin otal can bayan gari, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa ma bai kai ba, ina murna na yi dabara. Daren Asabar na fito daga wasa wajen goma, na tsaya na ci abinci, na isa tasha na tarar an rufe layin saboda gyaran ƙarshen mako. Aka ce mu hau bas ɗin da aka tanada. Na hau, na sauka inda ban sani ba, ga yayyafi, ba kowa a titi sai wani dila da ya tsaya yana kallona. Daga ƙarshe baƙar tasi ce ta kai ni, mita tana ta tsalle ina kallo, kuma abin da na biya ya haura rarar da na yi a kwana ukun gaba ɗaya. Kuɗin ɗaki na gaskiya shi ne kuɗin ɗakin haɗe da kuɗin zuwa da dawowa da awannin da hanya ta ci.

Ka nemi wuri a shiyya ta 1 (tsakiyar gari ke nan) ko ta 2 a taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko ta 3 in dole, wanda bai wuce tafiyar minti biyar zuwa goma daga tasha ba, kuma layinsa ya kai ku West End ba tare da canji ba. Tunda a tashar Euston jirginku zai sauke ku, unguwar Bloomsbury da King's Cross suna nan kusa, ku ajiye kaya ku fita da ƙafa. Otal-otal irin su Premier Inn da Travelodge ba su da wani ƙawa, amma ka san abin da za ka tarar, kuma farashinsu yana hawa ne yayin da rana ke matsowa. Daren Lahadi ya fi na Asabar sauƙi nesa ba kusa ba. In tafiyar ta faɗo lokacin hutun bazara, jami'o'i irin su LSE suna ba da hayar ɗakunan ɗalibai ga baƙi, a tsakiyar gari. Ka tambaya ko banɗakin na cikin ɗaki ne ko na haɗaka, wannan tambayar matarka za ta gode maka a kanta. Akwai kuma farashi iri biyu, wanda ake mayar da kuɗi in an fasa da wanda ba a mayarwa. Tunda malaminka na iya ɗaga ranar ganawa, ƙara 'yan fam ɗin ka ɗauki na farko.

Jirgin ƙasa daga Mancesta awa biyu ne da 'yan mintuna, kuma tikitin da aka saya makonni kafin tafiya ya fi na ranar sauƙi sosai. Akwai katin rangwame na mutum biyu masu tafiya tare, Two Together, mai rage kashi ɗaya cikin uku, sai dai a ranakun aiki ba ya aiki kafin 9:30 na safe. A cikin gari kuwa bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Kowa ya riƙe katin bankinsa ko Oyster, wato katin sufurin Landan, ya taɓa da shi wajen shiga da wajen fita a tashar jirgi, kuma kada a sauya kati a tsakiyar yini, don akwai iyakar da in an kai ba a ƙara cirar komai a ranar, kuma kati ɗaya ake lissafa wa. Kada ku shiga jirgi daga Leicester Square zuwa Covent Garden, tazarar ba ta kai mita 300 ba, saukar bene da hawansa sun fi tafiyar tsawo.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba. Sau ɗaya a yini ku zauna ku ci mai kyau, sauran ku wuce kantin Tesco ko Sainsbury's ku ɗauki abin taɓawa ku ci a bakin kogi. Gidajen abincin da ke kewayen gidajen wasa suna da jerin abinci na musamman na kafin wasa, daga wajen biyar zuwa shida da rabi, mai sauƙin kuɗi kuma ana kawowa da wuri, amma sai an kama tebur tun da rana. In halal kuke so ba tare da yawan tambaya ba, titin Edgware Road cike yake da gidajen abincin Larabawa, daga nan kuma babban masallacin Regent's Park ba nisa. A gabas akwai Whitechapel, masallacin East London da gidajen abinci a jere. In an kawo takardar kuɗi ka duba ƙasanta: yawanci sun riga sun ƙara kashi 12.5 na hidima, ba sai ka sake ajiye wani abu ba. Ruwan famfo kuma ka roƙa kai tsaye, in ka ce "ruwa" kawai, na kwalba za a buɗe maka.

Sayayya ku bar ta sai ranar ƙarshe, kuma ku yanke adadin tun kuna gida, ku biyu, kowa ya san nasa. Ba don rowa ba, don kada ka riƙa ɓata fuska duk lokacin da ta ɗaga wani abu ta duba. Oxford Street tana da shaguna wajen ɗari uku, amma galibinsu kuna da irinsu a Mancesta, farashi ɗaya, ba dalilin ɗaukar kaya a jirgi. Selfridges, wanda yake nan tun 1909, da Harrods a Knightsbridge, ku shiga ku ba ido abinci, ba a biyan kuɗin kallo. Abin da ya cancanci lokacinku shi ne kasuwannin da babu irinsu a wani wuri: Portobello Road ranar Asabar don tsofaffin kaya, ko Petticoat Lane kusa da tashar Liverpool Street, inda shagunan yadi da leshi suke. In Lahadi ce ranar, ka sani doka ta ba manyan shaguna awa shida kacal, yawanci daga sha biyu zuwa shida a tsakiyar gari. Kuma kada wani ya ce maka za a mayar da harajin kaya a filin jirgi, an soke wannan tun Janairun 2021. Wayarka kuma kada ka tsaya da ita a hannu a bakin titi, masu fizge a kan keke sun yi yawa.

Daga wurare goma sha biyar ɗin nan, ka bar biyu a kowane yini, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Gidajen tarihi da zane-zane, British Museum da National Gallery da Tate Modern, duk kyauta ake shiga, wanda yake kyauta kuwa ba a jin ciwon fita bayan awa ɗaya in ƙafa ta gaji. Yammacin ranar wasa ku koma masauki ku ɗan kwanta, kada ka biya kuɗin kujera mai kyau ka je ka yi barci a kanta. Sannan ka miƙa mata jerin ta soke abin da za ta soke, don na lura duk abin da ke ciki da irin son ranka ya yi kama.

Na sa ƙaninka ya tura maka wani abu kaɗan. Na tikitin wasan ne, ba na littafi ba, kada in ji an karkatar da shi. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a ɗauko mata hoto a bakin kogi, kuma ta ce kowa ya tafi da rigar ruwa ko da an ce za a yi rana. Ka gaida mini 'yata da kyau. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya yi muku albarka.

Mahaifinka.