Rahoton Ayyukan Shekara: Auna Kara da Harawa da Na'urar Infared

'Yan uwa membobi, bayan gaisuwa mai yawa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta gudanar a wannan shekara.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne kan na'urar auna abincin dabbobi da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Ana busar da samfuri a zafin digiri 60 na ma'aunin Celsius, a niƙa shi ya bi ta rariya mai ƙofar milimita 1, a zuba a ɗan kofin na'urar. Sai ta haska shi da hasken da tsawon zangonsa ya kama daga nanomita 780 zuwa 2500, ta karanta abin da ya dawo. Ruwa da furotin da zare (wato ɓangaren tsiro mai wuyar narkewa) kowanne da inda yake shan hasken, don haka cikin minti guda ake samun abin da a da sai an kwana ana dafa sinadarai. Fasahar ba sabuwa ba ce: tun 1976 Karl Norris da abokan aikinsa a Amurka suka nuna tana aiki a kan ciyawa.

Sai dai na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata. Lissafin da ta zo da shi ba a kan irin ragowar amfaninmu aka gina shi ba, kuma a farkon shekara ta yi ta ba mu alƙaluman da hankali bai kwanta da su ba. Dole muka kai samfuran karan dawa, karan masara, harawar wake da ta gyaɗa da dusa ɗakin gwaji, aka auna naitirojin ɗinsu ta hanyar Kjeldahl (wato dafa samfuri da sinadarai), aka ninka da 6.25 don fitar da furotin, sannan muka daidaita na'urar da sakamakon. Aikin ya ci lokaci, amma a ganin kwamiti shi ne mafi amfani a duk abin da muka yi.

Abin da muka gani ya tabbatar da abin da masu kiwo suka daɗe da sani. Busasshen kara ba ya kai kashi 7 cikin 100 na furotin da ƙwayoyin halittar tumbi ke buƙata, harawa kuwa tana wuce haka nesa. Amma harawar da ganyenta ya kakkaɓe, aka bar sanduna, ta yi asarar mafi yawan albarkarta.

Mun kuma yi taron horar da membobi kan ɗaukar samfuri. Har yanzu wasu samfuran na zuwa da danshi, wasu da yashi, wasu babu ko rubutu a jikin leda. Kuma a sani, ba ma dogara da na'urar wajen auna ma'adinai ko gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa. Waɗannan sai ɗakin gwaji.

Baɗi za mu shigar da ɓuntun shinkafa da kowar wake. Duk mai kawo samfuri ya ɗebo daga wurare daban-daban na tarin, ya gauraya, ya rubuta irin amfanin da ranar girbi.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa