Inji ya fito daga obahol yana misin: a duba taimin kafin a sayi fulogi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin makanikai da masu motoci kan wata matsala da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. A sauke inji, a sa sabbin ringi da gasket, a haɗa, a tayar, sai ga shi yana rawa a sulo, salansa tana tari: misin ke nan, wato wata silinda ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Nan take a ce fulogi ne, a canza. A ce kwayil ne, a canza. Alhali injin da aka buɗe jiya, haɗin da aka yi masa ya kamata a fara tuhuma, musamman taimin, wato daidaita lokacin buɗewar bawul da na wutar fulogi da motsin fistin.

Kirankshaf, sandar da fistin ke juyawa, yana juyawa sau 2 kafin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya juya sau 1. Ke nan fistin na 1 yana kaiwa ƙololuwa sau biyu: lokacin matse iska da lokacin korar hayaƙi, kuma alamar da ke kan fuli ba ta bambanta su. A cire fulogi na 1, a toshe ramin da babban yatsa, a juya injin da sifana. Idan iska ta ture yatsan, hawan da ake nema ke nan, kuma a nan ne hancin rota, abin da ke juyawa a cikin distiributa yana raba wa fulogi wuta, zai kalli wayar fulogi na 1. In aka zura distiributa a ɗaya hawan, injin ba zai tashi ba, sai dai ya riƙa harbi ta kabureta ko ta salansa.

Bel ko cen ɗin taimin kuwa, haƙori ɗaya kacal ya isa ya kashe wa mota ƙarfi. Bayan an ɗaure tenshina, a juya injin da hannu zagaye 2 cikakku, a sake duba alamomin. Nan ne masu gaggawa suke faɗawa, don alamar takan goce bayan bel ya miƙe. Wayoyin fulogi ma a bi su ɗaya bayan ɗaya: yawancin injuna masu silinda huɗu 1-3-4-2 suke bi, ta ɓangaren da rota ke juyawa.

Saita wuta da kunne caca ce. A bar injin ya yi zafi, a cire tiyon bakyum na distiributa a toshe shi, a maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na 1, a saita bisa digirin da littafin motar ya faɗa. Wutar da ta yi gaba da yawa tana sa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan an taka totur a hawa, kuma sabon fistin ne ke shan wuya. Wadda ta yi baya tana kawo kasala da zafi, wani lokaci har bakin salansa ya yi ja.

Idan silinda ɗaya ce ke misin, a musanya kwayil ko fuloginta da na maƙwabciyarta; in matsalar ta bi shi, an kama ɓarawo. In ta tsaya wuri ɗaya, a auna kwamfireshan. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silindoji abin bincike ne. A zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, a sake aunawa: in ya hau, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Bawul ɗin da aka matse masa tazara ba ya rufewa sosai, musamman in inji ya yi zafi.

Yawancin motocin zamani masu ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ba su da distiributar da za a murɗa. A sa musu na'urar bincike, a karanta lambar matsalar da ta nuna: P0301 misin ne a silinda ta 1, P0300 misin ne mai yawo, wanda sau da yawa iska ce ke shiga ta gasket ɗin manifol, P0016 kuwa kirankshaf da kamshaf ne ba su jitu ba, sai a koma kan alamomin taimin.

Naka,
Wani bakanike