Launin kifin ado: gado ne, kuma sirrin yana hannun mace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi wa masu sha'awar kiwon kifin ado bayani kan wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum zai sayi namijin gufi, wani ɗan ƙaramin kifin ado, mai jan jela kamar garwashi, ya jefa shi cikin tanki ɗaya da mata iri-iri, bayan wata uku ya tarar da 'ya'ya masu launi barkatai, sai ya ce an cuce shi. Ba cuta ba ce, rashin sanin yadda gado yake tafiya ne.

Aikin nan tsoho ne. Kifin zinare ya fito ne daga wani kifi mai launin ƙasa-ƙasa da Sinawa suka yi ta zaɓen masu ɗan haske daga cikinsa fiye da shekara 1,000. Koi kuwa, wani babban kifin ado, manoman shinkafa na yankin Niigata a Japan ne suka fara ware masu ja da fari a ƙarni na 19. Amma mai koyo gara ya fara da gufi, ɗan ƙaramin kifin da asalinsa Benezuwela ne da Tirinidad, domin haihuwa yake yi, ba ƙwai yake sakawa ba, cikinsa kuma bai wuce kwana 21 zuwa 30 ba. A shekara guda ana iya ganin zuriya uku.

Ga inda akasari ake tuntuɓe. Macen gufi tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na tsawon watanni, ta yi ta haihuwa zubi bayan zubi daga barbara ɗaya. Saboda haka duk macen da aka sayo daga tankin da ake cakuɗa maza da mata, a ɗauka tana ɗauke da cikin uban da ba a sani ba, komai kyan namijin da aka haɗa ta da shi daga baya. Mafita ita ce a samar da budurwa da hannu. A bar macen da aka sayo ta haihu, a kwashe 'ya'yan zuwa wani tanki nan take, don iyayen kan cinye su. Daga mako 3 zuwa 4 a riƙa duba su kullum a gaban haske. Mace tana da ɗigon baƙi a bayan cikinta, fiffiken ƙasan cikinta kuma a buɗe yake kamar mafici. Na namiji yana tsukewa ya zama tsinke, da shi yake barbara. Da an ga alamar tsukewar a cire shi. Namiji ɗaya da ya ɓuya cikin mata mako guda ya isa ya ɓata aikin wata uku.

Ke nan ana bukatar tanki akalla huɗu ga tsatso ɗaya: na barbara mai lita 20, na jarirai, na samari, da na 'yan mata, waɗannan biyun lita 40 zuwa 60 kowanne. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. In ya haura haka suna saurin girma amma ba sa daɗewa a duniya. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, da ruwan da aka cire wa kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwan famfo. Cunkoso da ragowar abinci ne ke tara gubar amoniya a ruwa, ita kuwa tana tsumbure 'ya'ya ta cinye gefen jela, har mai kiwo ya yar da kifi mai kyan gado yana zaton mummuna ne. Abincin jarirai mafi inganci shi ne ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, atimiya, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin awa 24 zuwa 36 a ruwan da aka sa wa gishiri kimanin giram 25 a kowace lita, ana hura masa iska.

Kada a yi gaggawar zaɓe. Sai namiji ya kai wata 3 zuwa 4 launinsa da faɗin jelarsa suke cika. A gufi, da yawa daga ƙwayoyin gadon launi da zane uba ne kaɗai ke miƙa wa ɗansa namiji, shi ya sa zanen fatar maciji kan bi maza daga kaka har jika. Wasu kuwa ta uwa suke biyowa, ga shi jikinta ba ya nuna abin da take ɗauke da shi. Don haka ana auna mace da 'yan'uwanta maza da kuma 'ya'yanta, sannan a duba kaurin gindin jelarta da miƙewar bayanta. A haɗa namiji ɗaya da mata biyu, a rubuta ranar haɗi da ranar haihuwa a jikin tankin.

Akwai kuma gadon da ke ɓoyewa. In aka haɗa zabiya mai jan ido da kifi toka-toka zalla, zubin farko duk toka-toka za su fito, a nan ne mutane ke karaya. A haɗa waɗannan 'ya'yan da juna, kusan ɗaya cikin huɗu zai fito zabiya, wato cikin 40 a sa ran 10. Sau da yawa ba sa kaiwa haka, domin idonsu rauni gare shi, sauran kan riga su abinci in ba a ware su ba.

Haɗa wa da ƙanwa, ko uba da 'ya, yana kafa launi da sauri, amma yana kafa aibi tare da shi: lanƙwasar ƙashin baya, ƙanƙancewar jiki, raguwar haihuwa. Maganinsa a riƙe layi biyu daga tushe ɗaya, kowanne a tankunansa, a gauraya su bayan zuriya 3 ko 4. A ra'ayinmu, kifin da jelarsa ta yi masa nauyi har ba ya iya iyo ya faɗi jarrabawa, ko da launinsa ya kai na dawisu. Haka abin yake ga kifin faɗa, beta: haɗa mai jela biyu da mai jela biyu kan haifar da gajeren jiki da karkataccen baya, mai kaurin ɓawo mai sheƙi kuma ɓawon kan rufe masa ido ya makance.

Masu saye su lura da abu biyu. Abinci mai sinadarin astazantin ko sifirulina yana ƙara wa ja ƙarfi, amma wannan ba ya bin 'ya'ya. Kifin da aka yi wa allurar rini kuwa launin kan dusashe cikin watanni, da yawansu ma ciwo ke kashe su kafin nan.

Waɗanda ba su ci zaɓe ba, a ajiye su maza daban mata daban, ko a bai wa mai son ado kawai. Kada a zuba su a rafi ko kududdufi, domin gufi ya riga ya mamaye ruwaye a ƙasashe da dama, yana cinye ƙwai da abincin kifayen da ya tarar.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu kiwon kifin ado