Kaset ɗin da Muke Haɗawa a Mai Wurno

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan wata al'ada tamu ta Hausawan Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu Shuɗi a Sudan, wato haɗa waƙoƙi a gida a raba wa jama'a.

A da, mutum yakan sayi kaset mai minti 90, ya jera kiɗan kalangu da na goge da alhazai suka kawo daga Kano, ya cakuɗa su da waƙoƙin Larabcin Sudan, sannan ya rubuta sunayensu da biro a bayan kwali. Kawuna yakan ba direbobin da bai ma san su ba, su saka a motocin Sinnar, kuma a ganina zaɓinsa ya fi na gidan rediyo daɗi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, dangi sun warwatsu, sai haɗin ya koma WhatsApp da katin memori na waya. Roƙona ga matasa shi ne su riƙa rubuta sunan mawaƙin da ke kowace waƙa kafin su tura.

Naku,
Wani mai karatu daga Mai Wurno, Jihar Sinnar