Sanarwa ga ƴan rukunin masu rubuta manhaja

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Makon jiya na shafe awa 4 ina neman kuskure a manhajar da nake rubutawa, ashe waƙafi ɗaya na manta. Hankalina yana wajen mahaifiyata da ke kwance a asibiti, ga mai gidan haya yana ta bugo waya.

Kun san aikinmu, sai mutum ya riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci guda. Da zarar damuwa ta shigo, ko aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, zaren tunanin ya tsinke, sai an sake ƙullawa daga farko. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, tayar da janareta ma sai an yi lissafi.

Saboda haka daga Asabar ɗin nan, bayan isha'i, za mu riƙa kiran murya na minti 30. Wanda aiki ya cushe masa ya kawo mu duba tare.

Don Allah, in ɗan uwa ya yi jinkirin miƙa aiki, a fara tambayarsa lafiyar iyali tukuna. Mai son magana a keɓe ya same ni ta gefe.