A liƙa mana lissafin kuɗin ƙaramar hukuma a bango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka, akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma na ga in ban kawo ta nan ba to a teburin mai shayi za ta ƙare kamar kullum, a yi ta hayaniya har goman dare kowa ya kama hanyar gida.

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake aunawa a wani gari nan cikin jihar Bauchi. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce amma ba wani babban birni ba, irin garin da in ka hau mashin cikin minti ashirin ka zagaye shi. Ba zan kama sunan garin ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, don ba faɗa na zo yi da wani ba, kuma na san akwai masu karatu da yawa a Bauchi da Gombe da za su ce ai wannan labarin garinmu ne.

Duk ranar kasuwa, tun ban gama kwance bakin buhu ba yaron rebenu zai iso da ɗan littafinsa, ya yago min tikiti in miƙa masa naira ɗari biyu. Tsohuwar da ta shimfiɗa buhu a ƙasa tana kasa kuɓewa ta biya, mai baro ya biya, motar da ta sauke kaya ta biya, can kara kuma duk akuyar da aka sayar da nata kuɗin. Wallahi ban taɓa ƙin biya ba, haƙƙi ne, hukuma ba ta tafiya da iska. Tikitocin ma ina tara su a wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin benci, yanzu ya cika har murfin baya rufuwa. Abin da ban sani ba, kuma ban ga wanda ya sani ba duk faɗin kasuwar, shi ne nawa ake tarawa a wata kuma me ake yi da su. Na taɓa tambayar yaron, ya ce Baba ni dai da yamma nake kai wa oga, daga nan ban san komai ba. Kuma na yarda da shi.

To ga abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan. Bayan layinmu na 'yan hatsi akwai lambatu, shi ke ɗaukar ruwan kasuwa gaba ɗaya ya kai kwalbatin bakin titi. Sai da ya yi damina biyu yana toshe, leda da robar lemo da ƙasa sun cika shi har ciyawa ta fito a kai. Bara cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba yarona ya bugo ya ce in zo, ina zuwa na tarar ruwa har ƙwauri a cikin rumfa, buhunan da ke ƙasa duk sun sha. Masara buhu goma sha ɗaya na yi asara. Mun shanya a kan tampol amma rana ta ƙi fitowa, kwana uku ta fara tsiro tana wannan warin tsamin, ƙarshe masu kiwo na roƙa suka ɗauka a rabin kuɗi. Maƙwabcina dattijo ne, gero yake sayarwa kuma jarin ba nasa ba ne, na gan shi zaune a kan jiƙaƙƙen buhu yana damƙo geron yana sakewa, bai ce uffan ba har azahar. Har yau bai dawo kasuwa ba.

Kafin wannan ruwan sau uku muna zuwa sakatariya da shugaban 'yan kasuwarmu. Zuwan farko aka ce a rubuto, muka rubuta. Na biyu aka ce fayil na kan teburin oga, oga kuma ya tafi taro Bauchi. Na uku aka ce gaskiya babu kuɗi, a yi haƙuri za a saka a bajet ɗin baɗi. Bayan ɓarna ta riga ta faru muka yi karo-karo, kowace rumfa ɗari biyar, muka ɗauko samari da shebur da baro, kwana biyu suka yashe shi tas, duk abin da muka kashe har da abincinsu bai kai dubu sittin ba. Dubu sittin fa Malam Edita. A cikin watan nan dai aka sake fentin katangar sakatariya aka canza get. Ban ce kar a yi fenti ba, ofishin hukuma ya kamata ya yi kyau, amma wa ya zauna ya yanke cewa fenti ne a gaba lambatu a baya, yaushe aka yi zaman, kansilan mazaɓarmu yana wurin ko baya nan, in yana nan me ya ce? Wannan ita ce tambayata.

Kuma aikin nan ba alfarma muka je nema ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara, kasuwa da tashar mota da mahauta da maƙabarta da bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa da fitilun kan titi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har lasisin keke da baro yana ciki, sannan da hannunta a makarantun firamare da kiwon lafiya. Duba ka gani, babu gadar sama a ciki babu filin jirgi. Duk ƙananan abubuwa ne, amma su ne mutum ke cin karo da su daga ya fito gida da safe har ya koma. Mahaifina Allah ya jiƙansa yakan ba mu labarin zamanin En'e, kafin gyaran 1976 da ya kawo tsarin ƙananan hukumomin da muke ciki, yakan ce haraji da jangali ba wasa, an ci zalin talaka sosai wajen karɓa, amma duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, in ya ga ƙazanta sai tara. Ba na fatan a koma can. Amma yau ni ban san ranar da na ga duba-gari a layinmu ba, alhali na tabbata akwai masu ɗaukar albashi da sunan wannan aikin.

Batun kuɗi kuwa, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya duk wata, mu a Bauchi guda 20 ne, Gombe 11. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kason ya ƙaru in dai a naira za a ƙirga, ko da yake tsadar siminti da dizal ta cinye da yawa. Ɗana da ke makaranta shi ya nuna min a waya cewa hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana saka abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma a intanet, ya nemo namu ya karanta min, sai da na ce ya sake karantawa. Kenan shigowar kuɗi ana iya gani tun daga Abuja. Fitarsu ce ba ma gani, kuma a nan cikin garinmu ake fitar.

Ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina riƙe su a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a daina naɗa kantomomin riƙon ƙwarya a madadin zaɓaɓɓu, a rediyo na ji kuma na yi murna ƙwarai, har a kasuwa mun yi ta taya juna barka. Har yanzu ina goyon bayan hukuncin ɗari bisa ɗari. Amma daga baya na zauna na yi tunani, ko da an aiwatar da shi gaba ɗaya, in kuɗin ya taso daga ɗaki mai duhu a babban birnin jiha ya sauka a wani ɗakin mai duhu a garinmu, tsohuwa mai kuɓewa me ta samu? Kowa na maganar a sakar wa ciyaman mara, ban ji ana maganar wa zai riƙa tambayar ciyaman ba.

Zan yi adalci, don na san wasu ma'aikatan sakatariya mutanen kirki ne, tare muke sallah. Nauyin da ke kan ƙaramar hukuma ba kaɗan ba ne, albashin malaman firamare, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, 'yan fansho, ga mafi ƙarancin albashi da aka mayar dubu 70 a 2024. Mai yiwuwa in an gama cire-cire abin da ke saura ɗan kaɗan ne. To a faɗa mana mana. In miliyan biyar ce ta rage a ce miliyan biyar ce, wallahi talaka yana da haƙuri in ya san gaskiya, abin da ke kashe masa zuciya shi ne a ce masa babu kuɗi da safe da yamma ya ga ana sauke sabbin kujeru, ko ya ji an kwashi kansiloli an tafi bita a otal a wata jiha.

Mu ma da laifinmu, wannan sai mun yarda. Je ka ƙofar gidan ciyaman ko na kansila bayan asuba ka ga layi, wannan katin ɗaurin aure, wannan suna, wannan takardar magani, wannan kuɗin makaranta. Ni kaina na taɓa tsayawa a layin nan lokacin da aka ce za a yi wa mai ɗakina tiyata, kuma an taimaka min, ban manta ba. Amma ranar da ruwa ya ci min masara na tuna da ambulan ɗin nan, na ce ashe watakila kuɗin yashe lambatu ne ake raba mana a ambulan ɗaya bayan ɗaya. Muna zagin kansilan da bai ba da na cefane ba, ba ma tambayarsa sau nawa majalisarsu ta zauna bana da abin da ya kai gabanta a madadinmu. In ya ga ambulan muke so, ambulan zai nema.

Wani abin da na lura, sabon aiki shi ake so, gyara ba a so. Sabuwar rijiyar burtsatse tana da allo mai suna, tana da rumfa da kujeru da yankan ƙyalle da hoto a Facebook. Gyaran tsohuwa ba ya da ko ɗaya. A unguwarmu famfon tuƙa-tuƙa uku ne, biyu sun mutu, mai gyara ya duba ya ce ɗayan roba ce kawai ta cinye da bututu guda, amma ya fi shekara a haka, yara mata na bin layi a ɗayan tun kafin gari ya waye har su makara makaranta, mai hali kuma ya sayi jarka wajen 'yan ga-ruwa. Haka shagunan da aka gina can bayan gari ba a tambayi ɗan kasuwa ko ɗaya ba, ga su nan a kulle rabinsu, don ba mai ciniki da zai bi ka can. Da an kira mu zama ɗaya, ko a inuwar bishiya ne, da mun faɗi inda ya dace.

Don haka roƙona ba mai tsada ba ne. Takarda falle ɗaya duk ƙarshen wata, da Hausa ba Turanci kaɗai ba, a rubuta ga abin da ya shigo daga Abuja, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha da mahauta, ga albashi, ga man mota da na janareto, ga alawus na zama, ga kwangilar da aka bayar da kuɗinta da unguwar da aikin yake, ma'aji ya sa hannu ciyaman ya sa hannu, a liƙa a bangon sakatariya da ƙofar kasuwa da ƙofar gidan hakimi. In ana so a kai gidan rediyon jiha a karanta, mutanen ƙauye sun fi mu riƙon rediyo. Sannan ranar da majalisar kansiloli za ta zauna a sanar, a ajiye benci biyu a baya don duk mai son ya saurara, ba magana zai yi ba, ji kawai. Dokar 'yancin samun bayanai tun 2011 aka sa mata hannu, amma bai kamata a ce sai mai auna hatsi ya nemi lauya kafin ya san inda ɗari biyunsa ta tafi ba. Ciyaman da ya fara wannan kansa zai taimaka, don duk zargin da ake masa a majalisar shayi, wanda wani ma ƙarya ne, takardar za ta kashe zargin.

Yanzu haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, lambatun da muka yashe bara ya sake cika kusan rabi saboda babu motar kwasar shara kuma babu jujin da aka ware wa kasuwa, kowa a nan yake zubarwa da dare. Mun sake rubuta takarda, wannan karon mun yi hoto-kofi mun sa akawu ya buga mana hatimi a tamu, kuma mun yi magana da kansilanmu ya ce zai kai gaba. Ni dai na riga na sayi katako na ɗaga buhuna daga ƙasa. Malam Edita in da hali ka turo wakilinka wata ranar kasuwa, ba sai garinmu ba, kowane gari ya samu a Bauchi ko Gombe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙirga tikitin da ake yagowa daga safe zuwa la'asar, sannan ya wuce sakatariya ya tambayi nawa aka rubuta an tara a wannan ranar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai auna hatsi, daga jihar Bauchi.